Baƙinzare a Cikin Kwali

Matar ta ajiye takalmin a kan teburinsa kamar mai yar da mushe. Ƙasan ya rabu da saman, ya wage baki.

"Ga aikinku," ta ce. "Ko wata bai yi a ƙafata ba."

Baduku ya gyara zaman tabaraunsa, ya juya takalmin. Ba hannunsa ba ne. Roba ce aka yi wa launin fata, aka manne da gam. Ko layin baƙin ɗinkin da ya zagaye bakinsa zane ne, da ya sa farce sai ya kankare. Amma a ciki, inda diddige ke zama, an buga sunan gidansu da ruwan zinare: Baƙinzare.

"Baiwar Allah, a ina kika saye shi?"

"A babban kantin bakin titi. Kwalayensa har rufi. Kai da sunanka, ni za ka tambaya?"

Sunan ba irin wanda ake tuntuɓe da shi a hanya ba ne. Tunda yake bai taɓa jin mai shi ba sai jinin kakansu, jinin kuwa bai yaɗu ba: shi da ƙanensa, da 'ya'yansu, sai wata gwaggo da aure ya kai nesa. A asibiti sai an tambaye shi ko laƙabi ne. Asalinsa ma ba'a ce. Kakansu ba ya ɗinki sai da baƙin zare, ko da a kan farar fata ne, don kada karkataccen ɗinki ya sami wurin ɓuya. Abokan sana'a suka mai da abin tsokana, shi kuma ya sa aka rubuta tsokanar a allo, ya rataya a ƙofar shago. Daga allon nan sunan ya shiga takardun haihuwa.

Wannan labari mutum ɗaya Baduku ya taɓa zaunarwa ya ba shi daga tushe. Bara ne Auta, ƙanensa, ya zo ya zauna a bencin nan, ya kunna wayarsa, ya ce yaransa ne ke tambaya. Ranar Baduku har ya manta da aikin da ke hannunsa don daɗi. Ya ciro basillar kakansu daga ƙyallen da take naɗe, ya bar shi ya ɗauki hotonta.

Ya ba matar haƙuri, ya rufe shago da rana tsaka.

Ofis ɗin Auta a saman bene yake, ƙofa ta gilashi, sanyi kamar cikin randa. Baduku bai taɓa shigowa nan da kunya ba, don da ƙayar basilla a yatsunsa ya biya wa yaron karatu bayan rasuwar mahaifinsu. Yau da ya ɗaga kai sai ya ga basillar a bango, an faɗaɗa hotonta ta kusa tsayin mutum.

"Yaya, zauna mana. A kawo maka ruwa?"

Bai zauna ba. Ya ɗora takalmin a kan takardun da ke gabansa.

Auta ya daɗe yana kallon abin. "Dama ina neman ranar da zan zo in same ka," ya ce. "Na yi wa sunan rajista. Wani kamfani ya saya."

"Ya sayi me?"

"Ikon buga shi a kan takalmi."

"Suna ake sayarwa kamar akuya?"

"Ni ma sunana ne, Yaya." Muryarsa ba ta tashi ba. "Tun zamanin Kaka yana rataye a kan ƙofa ɗaya, a lungu ɗaya. Idonka ya fara gajiya. Cikin 'ya'yanka wa ya zauna ya koya? Ranar da ka ajiye basilla, sunan ya bi ta. Yanzu kuwa yana ƙafar mutanen da ba su taɓa jin labarinmu ba."

Maganar ta sami Baduku a inda ya daɗe yana rufewa, don ba ƙarya a cikinta. Ƙarya tana can a benci, ranar da aka ce yara ke tambaya.

"Me ya hana ka shawarce ni?"

"Da ka ƙi."

"Da na ƙi," ya amsa.

Ya juya zai fita, Auta ya miƙe. "Akwai saura, Yaya. Gara ka ji daga bakina. Lauyansu ya yi maganar allon shago. Wai yana rikita masu saye."

Baduku ya tsaya riƙe da marfin ƙofa. Da baƙo ne ya yi masa haka, da ya san kalmar da zai jefa masa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya sauka benen a hankali, yana bin bango.

Bai jira kowa ya zo ya sauke masa ba. Washegari ya ari tsani wurin tela, maƙwabcinsa, ya hau da kansa. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sun ƙi fita sai da ya tsage gefen katakon.

"Lafiya, Baduku?" tela ya leƙo, awo rataye a wuya. "Ko sunan ne ya yi wa bangon nauyi?"

"Fenti zan sake," ya ce.

Da yamma ya biya ta ɗakin Inna kamar yadda ya saba. Tsohuwar tana kishingiɗe gaban talabijin, ƙafafunta da ke kumbura a kan matashi. Tana ganinsa ta yunƙura ta zauna, fuskarta na walwali irin wanda ya daɗe bai gani ba.

"Zo nan, ɗan albarka. Ashe abin da kuke ƙullawa ke nan kai da ƙanenka, kuka ɓoye mini? Na ga tallar takalmin a talabijin da idona, sun nuna har basillar kakanku. Maƙwabta sai shigowa suke suna yi mini barka." Ta share ƙwalla da gefen mayafi. "Ubanku ya mutu da tsoron sunan nan zai ɓace. Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare."

Baduku ya durƙusa a gefen gadon. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, ya dubi hannunta a kan kafaɗarsa, ya fasa.

"Amin, Inna."

"Ni ma ina son nawa. In taka sunan mijina kafin in bi shi."

Ya ɗauki ƙafarta a tafinsa, ya fara aunawa da yatsu, yana lissafin inda zai sassauta saboda kumburin. Akwai wata fata mai laushi da ya daɗe yana ajiya.

Ta janye ƙafar tana dariya.

"A'a, kai kuma. Na cikin kwalin nake so."