Wayar Baban Nazifa

Ina da kwana arba'in a takaba datar gidanmu ta ƙare karo na uku a wata ɗaya. Ni ba fim nake kallo ba. Karatun Alƙur'ani nake saurare, sai saƙonnin dangi, sai aikin makarantar 'yata Nazifa. Amma ita rawutar, na'urar waifai da maigidana ya ɗora a kan firji, kullum ƙiftawa take kamar mai ciwon ido, datar kuma ta tafi.

Na san inda take tafiya. A zaman makoki mutanen Argungu da na Augie sun cika ƙofar gida, kowa wayarsa ba sabis, kowa yana son ya sanar da wani. Da tambaya ta yi yawa sai wani mai hankali ya rubuta fasuwod ɗin a bayan kwali, ya rataye a rumfa. An kwashe rumfa, an mayar da tabarmin masallaci, fasuwod ya zauna a unguwa. Magidanta da ba su taɓa yi wa marigayi sallama ba yana raye, sai ga shi sun gano katangarmu ta fi ta kowa inuwa a duk Birnin Kebbi.

Na kira yayata Laure, wadda ke aikin kwamfuta a sakatariya. Ta zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ta same ni ina zaure, daga bayan labule, ina amsa gaisuwar Sama'ila ƙanin maigidana. Duk Juma'a yakan taso daga Argungu a babur da ɗan ƙullin shinkafa ko kifi. Laure ta wuce ciki, ta kifa rawutar, ta karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta, ta shiga saitinta da wayata. Da na shigo ta nuna mini.

"Kin gani? Wanga jeri duk wayoyin da ke bisa waifai ɗinki na, yanzun ga. Ashirin da ukku. Ma'u, ke da ɗiya biyu, gidan biki kika buɗe?"

Ta shiga karanto sunaye tana dariya. Wani ya sa wa wayarsa Sarkin Yaƙi, wani Ba Wasa. Sai ta daina karantawa. Na karɓi wayar. A layi na goma sha ɗaya an rubuta Baban-Nazifa.

Shi ya sa wa wayarsa wannan sunan, ina zaune kusa da shi, ranar da ya sayo ta. Kuma wayar nan, a yadda aka gaya mini, tana ƙasan gulbi. Sama'ila ne ya kawo labarin: maigidana Abdulmuhaimin ya shiga kwalekwale shi kaɗai da safe, zai ƙetare ya duba abin da ambaliya ta rage na shinkafarsa a fadamar Argungu, kwalekwale ya kife. Washegari masunta suka tsamo shi ƙasa da gari, aljihunsa ba komai. Malamai suka ce wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Da wannan kalmar nake iya tashi daga shimfiɗa, da ita kuma na lallashi yara.

"Wayar da ke cikin ruwa ba ta hawa waifai," in ji Laure. "Sai tana nan kusa, kuma a kunne. Wani na riƙe da ita."

Muna kallo sunan ya ɓace. Laure ta leƙa waje, ta ce mutum bakwai ne a gindin katanga, kowa kansa a sunkuye. Ta dawo ta ce a canza fasuwod yanzu, a huta. Na riƙe hannunta. Idan aka canza, wayar ba za ta ƙara bayyana ba, kuma ni mai takaba ba zan iya bin layi ina lalube aljihun maza ba. Jerin nan kaɗai nake da shi. Ta yi tsaki, amma ta rubuta mini matakan a takarda: inda zan shiga, inda zan goge tsohon, in sa sabo mai tsawo da haruffa da lambobi a gauraye, kada in sa sunan ɗa ko lambar waya, kuma kada in ƙara ba kowa.

Kwana bakwai na yi ina buɗe jerin nan. Ina tuwo ina dubawa, ina wanki ina dubawa. Na tsani kowa. Na zargi mai ruwa, na zargi maƙwabcinmu Hodi wanda ya yi ta hidima ranar jana'iza, har na ce a raina hidimar ta yi yawa. Na shirya maganganun da zan gaya wa ɓarawon da ya lalube gawa, masu zafi, na yi ta gyara su. Sunan bai dawo ba.

Ranar Juma'a, da misalin ƙarfe uku, ina zaune da wayar a cinya, sunan ya fito. Sannan na ji babur ya mutu a ƙofar gida, na ji sallamar Sama'ila.

Kafin rasuwar, ni da Sama'ila ba ma haɗuwa ba mu yi faɗan wasa ba. Matata yake ce mini, ni kuma in ce ya fara sayen sabulu tukuna. Tun da aka yi rasuwa bai ƙara ɗaga ido ya kalli ko labulen ba, ni kuma na ɗauka kunya ce. Na tura yara gidan Hodi. Na tsaya a bayan labule, na bar shi ya gama gaisuwarsa.

"Sama'ila, wayar yayanka na aljihunka."

Na miƙa wayata ta gefen labule, ya ga sunan. Na ji numfashinsa ya canza.

"Na cire sim ɗin," ya ce a hankali. "Ni cewa nike in ba sim, ba ta magana da kowa."

"Ga gawa kac cire ta?"

"A'a, Anti."

"To ina kas same ta? Kai kac ce min ruwa ya tahi da ita."

Ya zauna a ƙasan zaure, ba tabarma. Na ga ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, da ƙurar hanya har idon sawu. Ya ce duk Juma'a da ita yake zuwa, da niyyar ya ba ni, sai ya koma da ita. Ya ce in bari. Ya ce don Allah in bari, in ɗauka shi ɓarawo ne, ya yarda. Ni kuwa da bakina, ban taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Na ce ko ya faɗa, ko in kira Laure da mai unguwa.

"Bakin gulbi nis same ta," ya ce. "Bisa buhu. Da hulatai, da takalminai, an jera su. Kwalekwalen na ɗaure, Anti. Ba a kwance shi ba. Ni nik kwance shi, nik kihe shi, nit tura shi cikin ruwa, kahin mutane su zo."

Na dafa bango. Abin da ya fara zo mini ba kuka ba ne, abubuwa ne ƙanana. Yadda ya daina cin abincin rana tun da ruwa ya cinye shinkafar shekara ta biyu a jere. Yadda yake zama a tsakar gida yana kallon ƙasa, in yi masa magana sau uku. Ni kuma da tsiwata na ce masa ai ba shi kaɗai ruwa ya yi wa ɓarna ba, ya tashi ya yi abin da maza ke yi. Sau biyu na faɗa masa haka, na biyun saura kwana huɗu ya rasu. A lokacin nan na so a ce Sama'ila ɓarawo ne, na so haka da dukkan zuciyata.

"Wa yas sani?"

"Ba kowa. Ko Inna. Akwai murya ciki. Ya ɗauka da sahiyar rasuwar, ya sa sunanki bisa. Ba ta kai minti guda ba. Ban saurara ba, wallahi."

Ya turo wayar ta ƙarƙashin labule. Ga ta nan da tsagewar gilashin da na sani, a kusurwar hagu. Na tsaya ina kallonta a ƙasa. Wataƙila gafara ya nema. Wataƙila maganata ya maimaita mini. Ina da yara biyu da zan kalla a ido har su girma, in ce musu kwalekwale ne, kuma na san fuskata ba ta iya ɓoye abin da kunnena ya ji. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na sa yatsan ƙafa na mayar masa da ita.

"Kai ta gulbi. Inda kac ce take."

Ya ɗauka, ya tafi, ya manta bai sauke ƙullin kifin daga babur ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko takardar Laure. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, sau biyu ina kuskure. Na goge tsohon fasuwod, na sa sabo, dogo, wanda ba ya nufin komai. Rawutar ta mutu ta dawo. Daga bayan katanga na ji ana ta tsaki, ana jan benci. Jerin ya koma waya ɗaya, tawa. Da Laure ta kira da yamma na ce mata wani baƙo ne mai 'ya Nazifa, na canza, an huta. Ta ce ai ta faɗa mini.

Data yanzu tana kai mana ƙarshen wata. Sama'ila yana zuwa duk Juma'a, yana gaishe ni, ina amsawa. Idan na ji babur ɗinsa sai in buɗe jerin, alhali na san ko tana aljihunsa ba za ta ƙara fitowa ba, ni da hannuna na rufe mata. Ban sani ba ko ya jefa ta. Wani lokaci yana dafa aljihun rigarsa in zai zauna, sai bakina ya buɗe, sai in tambaye shi jikin Inna.