Sili Bakwai

Ranar Litinin, gashin matar da ke jikin kwandalar sili bakwai ne. Baba Ido ya ƙirga su sau uku a ƙarƙashin fitilar teburinsa, ya zana su a kati kamar yadda ya saba, sannan ya rubuta takwas a kusurwa ya sa hannu.

Sana'arsa ke nan shekara arba'in da ɗaya. A kawo masa tsohon kuɗin ƙarfe, ya duba iya yadda hannun mutane ya cinye shi, ya yanke masa daraja daga ɗaya zuwa goma. Goma ita ce wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba, ɗaya kuwa ta shafe kamar bayan cokali. Masu tara irin waɗannan kuɗi ba sa ciniki sai sun ga katinsa, kuma ba a taɓa dawo masa da kati ko guda ba. Dokarsa ɗaya ce, 'yarsa da ke ɗaukar masa hotuna ta haddace ta tun tana ƙarama: ta gefe ake riƙe kwandala, ba a taɓa fuskarta. Ya taɓa korar wani attajiri daga shagon don kawai ya hura wa sule numfashi ya goge da hannun riga.

Wannan kwandalar ta azurfa ce. Wata mata da mijinta bai daɗe da rasuwa ba ta kawo ta a ƙulle cikin hankici, ta ce a sayar. Ba ta zauna ba, ba ta ma tambayi nawa za ta kai ba. Kafin azahar wani dillali ya ji labari, ya ce Juma'a zai zo ya karɓa, muddin takwas ɗin nan na nan daram.

Talata da safe Baba Ido ya fito da ita daga akwatin ƙarfe, ya kara gilashi a idonsa. Sili shida ya gani. Ya goge gilashin, ya matso da fitila, ya sake ƙirgawa, shida dai. Ya ɓoye maganar, don dama 'yar tasa ta sa shi a gaba da maganar likitan ido da ta hutawa. Ko a makon jiya sai da ta yi masa tsiya wai ya gaida rigar da ke rataye a bayan ƙofa. Abin da yake tsoro ke nan a duniya: ranar da idon zai yi masa ƙarya, shi kuma ya sa hannu a ƙarƙashinta.

Laraba sili biyar, kuncin matar da ke jikin kwandalar ma ya fara kwanciya. Ya haɗiye girman kai ya ce wa 'yar ta ɗauki sabon hoto ta jera shi da na Litinin. Ta jera su a kwamfuta, ta ƙara musu girma. Na hagu bakwai, na dama biyar.

Daɗi ya fara ji, har ya ji kunyar kansa, ashe idonsa lafiya lau. Sai kuma sanyi ya ratsa shi. Kwandalar a akwatin ƙarfe take kwana, makullin kuma yana wuyansa. Wannan cin ba na gogar ƙarfe ba ne, ba na magani ba ne, ya san shi kamar yunwar cikinsa. Cin babban yatsa ne, mai ɗan tsawo kamar ƙwai, irin wanda ake shekara talatin kafin ya bayyana. 'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, ta dube shi, ta fasa.

Alhamis da hantsi ya sa aka kira matar da ta kawo kwandalar. A bakin ƙofa ta tsaya, hannunta na dama a cikin mayafi. Ya tambaye ta asalin kwandalar, ta ce mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai tsantseni wanda ko ƙura ba ya bari ta sauka a teburinsa. Bara ya saye ta, kuma a lokacin silin goma sha biyu ne, ita ma ta ƙirga. Daga nan aiki ya fara tsaya masa, agogon mutane suka taru, don hannunsa na dama kullum yana da abin yi.

"In na ce masa ya ajiye, sai ya ce me zai ajiye," in ji ta. "Bai san tana hannunsa ba, Malam. Ran da ya cika, sai da ni da ƙanensa muka haɗu kafin muka buɗe yatsun. Babban yatsan ya yi sumul, babu zane ko ɗaya."

Baba Ido bai yarda da irin waɗannan maganganu ba, amma bai yi dariya ba. Ya tura mata ambulan ɗin da ake ajiye kwandalar a ciki, ya ce ta ɗauki kayanta, ya yafe ladan aikinsa.

Ba ambulan ɗin ta kalla ba, hannunsa ta kalla.

"Kwana tara na yi da ita," ta ce. "Ka yi haƙuri, Malam. Kawowa na yi, ban zo karɓa ba."

Bayan fitarta ya daɗe a zaune. Gobe dillali zai zo da katin takwas a zuciyarsa, darajar kwandalar kuwa ko shida da ƙyar ta kai. Gara ya yaga katin da kansa a kan a dawo masa da shi. Ya jawo wayarsa a kan tebur don ya sanar da mutumin, ya ɗora babban yatsa inda 'yar ta koya masa. Wayar ta ƙi buɗewa. Ya goge yatsan a gwiwa ya sake ɗorawa, ta ce ba ta gane shi ba. A karo na uku ya yi tsaki, ya ce kayan zamani ba su da amana.

"Baba," 'yar ta ce daga kujerarta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun Litinin nake ganinka. Da ka gama cin abincin rana sai ka buɗe akwatin ka ɗauko ta, kana magana da mutane kana murza ta."

"Ni? Fuskar kwandala?"

"Na ɗauka wani gwaji ne da ba ka koya mini ba. Ni wace ce da zan ce maka kana taɓa fuskar kwandala?"

Ransa ya ɓaci sosai, ya ce ta iya bakinta, ga ta can a ambulan inda ya bar ta. 'Yar ta taso, ta ɗaga ambulan ɗin ta juya bakinsa ƙasa, ta girgiza. Babu abin da ya faɗo.

Sai a lokacin ya lura sauran yatsu huɗu na hannunsa na dama a dunƙule suke. Ya buɗe su da ƙyar. Tana nan kwance a tafin hannunsa, da ɗumi kamar yanzu aka sauke ta daga jikin wani. Bai nemi gilashi ba, idonsa ai lafiya lau yake. Sili huɗu ne.

Ya ce ta miƙo masa sabon kati, a gyara darajar tun kafin gobe. Ta ajiye masa katin a gabansa. Ya kai hannu zai ɗauki biro, sai ya ga na hagu ne ya tafi.