Bokitin Da Ke Ƙarƙashin Hita

Ni mutum ne da na tsani yoyo. Ko a gidan wani famfo ke ɗiga sai in ji kamar a tsakar kaina yake sauka, har matata na cewa in na shiga aljanna ma bututu zan fara dubawa. Don haka da wata mata ta kira ni ta ce hitar ɗumama ruwa ta banɗakin mahaifinta na yoyo, ban tsaya jan zance ba. Ta ce tsohon shi kaɗai ne a gidan tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ya hana kowa taɓa hitar.

"Ka gyara, ko yana so ko ba ya so," in ji ta. "Kar ruwa ya haɗu da wuta mu shiga uku."

Da hantsi na isa. Tsohon ya buɗe mini ƙofa da hannun dama, na hagun yana reto, ga alama ɓarin jikin ya shanye. Ya kalli jakar kayana kamar maciji na shigo da shi.

"Ba abin da hitar nan ta yi maka, ɗana."

"Dubawa kawai zan yi, Baba."

Na kashe wutar gidan daga babban makunni, na goge tankin da tsumma har ya bushe, sannan na bi shi da yatsa. Tankin lafiyarsa ƙalau, ba tsatsa ba huji. Robar da ke cikin notin bututun ruwan zafi ce ta cinye. Ruwan na tsattsafowa ta nan, ya bi gindin tankin, ya ratsa dab da murfin wayoyi, ya faɗa cikin wani ƙaton bokitin ƙarfe. Raina ya ɓaci, don saura ƙiris aka bari.

Na sa ƙafa zan ture bokitin, ko gezau. Sai da na sa hannu biyu, bayana na ƙara, kafin ya ɗagu. Na dubi bokitin, na dubi hannun tsohon.

"Baba, wa ke zubar maka da wannan in ya cika?"

"Ita mana."

"'Yarka?"

"Wannan ai sai dai waya. Uwarta nake nufi." Ya faɗa kamar mai ba da labarin maƙwabciya. "Ba ta iya ganin bokiti na ambaliya, kuma ba ta yarda a yi asarar ruwa. In na kishingiɗa da rana sai in ji ƙarar mariƙin. Shukokinta take ba wa."

Na leƙa ta taga. A baranda ga tukwanen furanni a jere, kore shar, ƙasarsu a jiƙe. Daga bakin banɗakin zuwa ƙofar barandar kuwa tabon ɗigon ruwa ne a kan siminti, layi ɗaya, irin na wanda ya saba da hanyar.

Na koma kan aikina, don shi na sani. Na rufe ruwan, na sauke abin da ke cikin tankin, na kwance notin da sifana. Na sa sabuwar roba, na naɗa farin tef, na ɗaure tam. Na cika tankin kafin in mayar da wuta. Na kanga busasshen tafin hannuna a ƙasa, ko ɗigo.

Banɗakin ya yi tsit. A wani gidan wannan shirun ne ladana, amma a nan sai ya yi mini nauyi. Tsohon yana jingine da ƙofa yana kallon bokitin da na juye na kife. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

"Ya yi kyau," ya ce a hankali. "To yanzu me zai kawo ta?"

Tausayinsa ya kama ni. Na tsaya da sifana a hannu kamar wawa. A ƙasan tankin akwai ɗan bawul na fitar da ruwa, nesa da wayoyi. Na yanko guntun tiyo na cusa a bakinsa, na tayar da bokitin, na saka ɗaya bakin a ciki. Sannan ni, da na tsani yoyo tun ina koyon aiki, na sassauta bawul ɗin da hannuna.

Ɗis. Can kuma, ɗis.

Ya rako ni har bakin ƙofa yana sa mini albarka. Ina sa takalmi, yana tsaye kusa da ni, sai muka ji mariƙin bokitin ya buga ƙarfe a banɗaki, kamar an ɗaga an duba an ajiye.

"Bai cika ba tukuna," ya ce da ƙarfi, ba da ni yake ba. "Ki zauna ki huta."