Muryar Auta a Lasifika

Shekara da shekaru muryar Yaya ce ke mulkin kamfanin ɗinkin nan. Tana zaune a ɗan ofishin bakin ƙofa da makirufo gabanta: wane ana nemanka, mai farar mota ya matsar da ita, an tsinci makulli. Ita ce ma ta samo wa ƙanwarta Auta aiki a hawa na uku, cikin masu keke.

Sai aka kawo na'urar gargaɗin gobara, irin mai magana. Mai haɗa ta ya ce yana son murya guda da za a naɗa a ciki. Yaya har ta fara shan zuma da ruwan ɗumi, tana gyaran murya a banɗaki. Manaja kuwa ya ce ta Auta ta fi sanyi.

Don cin fuska ya cika, a bangon ofishin Yaya aka kafe akwatin na'urar, daidai saitin idonta.

"Hajiya, kin ga koriyar fitilar nan?" in ji mai haɗawa. "Lafiya ke nan, na'ura tana zaman jira, baki shiru, kunne a buɗe. In ta koma ruwan ɗorawa akwai matsala, ko waya ta tsinke ko batir ya yi sanyi, sai ki kira ni. Ta gefen nan ta gwaji ce. Ja kuwa ba wasa."

"Wannan jan makirufon fa?"

"Na gaggawa ne. Da an danna shi, naɗaɗɗiyar murya za ta yi shiru. Ta mai rai ce gaba."

Yaya ta adana wannan magana a ranta.

Duk ranar gwaji sai muryar Auta ta cika bene: "Ku natsu. Ku ajiye aiki, ku bi matakala, kada ku shiga lif." Nan da nan ma'aikata suka laƙaba mata Ku Natsu. Ko a gida Inna kan ce, "Auta, yi mana irin ta wajen aikinku," Yaya na gefe tana yankan albasa da ƙarfin da albasar ba ta nema ba. Haushi take ji ƙwarai, ba kuma wanda za ta gaya wa. Ita da ta goya yarinyar nan! Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wata rana da hantsi fitila ta koma ja, ta gwaji kuwa a kashe take. Muryar Auta ta fara "Ku natsu" daga kowace lasifika, amma kekuna ba su tsaya ba, don kowa ya saba. Yaya ta fisgo jan makirufo. Yau dai za a san mai murya a gidan nan. Ta danna, Auta ta yi shiru ɗif, ta buɗe baki za ta jero jawabin da ta daɗe tana haddacewa. Sai idonta ya kai kan allon na'urar. Wutar a hawa na uku take.

"Auta! Wuta ce! Auta, fito!"

Ihun ya tsage lasifiku. Kekuna suka mutu lokaci guda, sai rugugin ƙafafu a sama, ana ture-ture, wata na salati. Yaya ta san matakalar nan, ƙunci gare ta, in aka sauko a haka sai an tattake wani. Ta nemi kalma ɗaya mai sanyi a bakinta ta rasa. Ta dubi babban yatsanta da ke danne da makirufon, ta ɗaga shi.

"Ku natsu," in ji Auta daga bango. Rugugin ya lafa, aka sauko a jere.

A fili, ana kallon hayaƙin ɗakin guga yana raguwa, Auta ta ratso mutane ta ƙanƙame ta.

"Wallahi Yaya, na ɗauka gwaji ne, ko ɗagowa ban yi ba. Sai da na ji ki."

"To ai da muryarki aka sauko," Yaya ta ce, tana share mata toka a goshi da bakin mayafi, da ɗan ƙarfi.

Mai haɗa na'ura ya iso da yamma ya mai da fitila koriya. Ganin idon Yaya a kan akwatin, ya ce in tana so ana iya sake naɗin muryar.

"Bar ta," in ji Yaya. "Amma jan nan kada wanda ya matsar da shi daga gabana."