Babban Yatsan Dalhatu a Takardar Jami'a

Sau uku mutuwa tana zuwa Duza neman Dalhatu tana komawa ba shi. Ramin zinari ya rufta da shi, bayan kwana biyu aka tono shi yana tambayar tuwo. Shekarar gubar dalma ya shaƙi ƙurar injin niƙan dutse fiye da kowa, yana nan. Kububuwa ta sare shi a babban yatsan ƙafa, yatsan ya karkace, farcen ya faɗi, amma ita aka jefar a bola. Bai taɓa zama a aji ba, kuma har yau bai ga abin da ya rasa ba.

Sai ga jikarsa Fa'iza daga Gusau, inda take karatun dabbobi a jami'a, da kyamarar aro mai baki kamar taɓarya. Wani ƙadangaren dutse take nema, mai ƙaya-ƙaya a wuya da wutsiya, wanda ke zama a tsagar duwatsun bayan gari. Malaminta ya ce sai ya ga hotonsa da rai, a mazauninsa, ranar Juma'a. In babu, ba zai sa hannu a aikinta ba, sai ta ƙara shekara.

"Amarya, in raka ki," in ji Dalhatu.

"Wane kai, tsoho. Bakinka ba ya rufuwa. Littafi cewa ya yi a yi shiru, a laɓaɓa."

"To, a gaida littafi."

Kwana uku tana fita da hantsi cikin hijabi mai launin ƙasa, tana jan ciki kamar mai satar gyaɗa, ta dawo kafin la'asar, don zamanin nan ba mai daɗewa a daji. Da yamma Dalhatu ya karɓi kyamarar ya duba. Dutse. Wani dutsen. Inuwar Fa'iza a kan dutse. A hoto na arba'in da wani abu ne aka ga ƙarshen wutsiya yana shigewa rami.

"Ilimi ya yi," in ji shi. "Ni shekara saba'in ina ganin duwatsun ga, ban san suna da kyau haka ba."

Ba ta yi dariya ba. Gwiwoyinta sun kurje, tuwon ma ta ture.

Ran Alhamis bai tambaye ta ba. Ya naɗe tabarma, ya ɗebi tsakin gero a ƙwarya, ya bi ta yana jan takalmi. Ya wuce inda take laɓewa, ya hau shimfiɗaɗɗen dutsen da mata ke shanya a kai. Ya baza tabarma, ya watsa tsakin, ya miƙe ƙafa.

"Kaka, don Allah. Yau kaɗai ta rage mini."

"Zamna nan, ki daina ɓoyo. Wa ka zuwa dutsen ga shiru? Mage, da shaho, da mai danƙo. Masu shanya da surutu suka zuwa, su bar tsaki, tururuwa ta taru. Kwana ukku kina yi mishi tahiyar mai kisa, kina son shi hito shi gaishe ki?"

Ta zauna, don ba ta da wata dabara. Dalhatu ya gyara murya ya ɗauko labarin ramin zinari tun daga farko, da ƙarfi, yadda ya saba. A gida duk wanda ya ji ya kai "to, ran nan da sahe" sai ya tuna yana da aiki.

Yana daidai inda ƙasa ta rufe masa kai, wani kai ya leƙo daga tsaga. Sai wuya mai ƙaya. Sai ƙafa ɗaya.

"Ga shi nan," in ji Fa'iza cikin raɗa. "Yi shiru, Kaka."

Ya yi mata biyayya, ya yi shiru. Ƙadangaren ya daskare, ya dube su, wuf ya koma.

"Kin ga aikin littafi," in ji Dalhatu.

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ci gaba da labarin."

Tun da aka haife ta, ba wanda ya taɓa ce masa haka. Ya gama da rami, ya shiga gubar dalma, ya sassauta murya wajen sunayen yaran da aka rasa, sannan ya hau kan kububuwa. Rana ta take. Tururuwa ta yi layi a gefen tabarma. Ƙadangaren ya fito duka, ya bi layin yana lasa, har ya tsaya dab da ƙafar Dalhatu. Ya ɗaga ƙirji yana gyaɗa kai.

"Na ce ita ta mutu, ba ni ba," in ji Dalhatu. Ƙadangaren ya sake gyaɗa kai.

Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas.

Malam ya sa hannu. Bayan wata biyu Fa'iza ta aiko da takardar aikinta, mai ɗauke da hoton. Ga ƙadangare raɗau, ana ƙirga ƙayoyinsa. A ƙasa an rubuta sunanta, da na malaminta, da wani dogon suna da Turawa suka raɗa wa ƙadangaren. Na Dalhatu babu. Sai dai a kusurwar hoton ga karkataccen yatsa marar farce.

Dalhatu ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya nufi kasuwar Anka. Suna ai na wanda ba a sani ba ne. Yatsan nan kuwa, daga Anka har Bukkuyum, ba wanda ba a nuna masa ba.