Baƙin da Suka Zauna a Gadon Mu'awiya

Rauda ta yi karatun kimiyyar sinadarai ne, ba ta taɓa zaton za ta ƙare a wurin gyaran tsofaffin zane-zane ba. Daga Damagaram ta zo Faransa karatu, da ta gama kuma aikin da ya fara samuwa shi ne a wani ɗan ɗakin gyara a Paris, na wani dattijo mai suna Pascal. Nata aikin shi ne ta kankaro ɗan fenti wanda bai kai ƙwayar gero ba, ta bincika da me aka haɗa shi, don Pascal ya san abin da zai wanke zanen da shi ba tare da ya ci launin ba.

Da sanyi ya fara sauƙi aka kawo musu wani allon katako daga wata ƙaramar majami'a a arewacin ƙasar. Zanen mutanen Holand ne, ya haura shekara ɗari biyar, ba a kuma san wanda ya yi shi ba. Hayaƙin kyandir da tsohon man sheƙi sun mayar da shi baƙi ƙirin. Sai da Pascal ya fara gogewa da auduga, kaɗan-kaɗan, abin da ke ciki ya soma fitowa.

Wani tsoho ne durƙushe a tsakiya yana addu'a. A bayansa gari na ci da wuta. A kewayensa kuwa halittu ne waɗanda Rauda ba ta san sunan da za ta ba su ba. Ga kifi mai ƙafafun mutum, sanye da takalmi. Ga mutane masu kan tsuntsu, sun lulluɓe da mayafi suna ɗauke da almakashi. Ga wani kai ba gangar jiki, yana tafiya a kan tafin ƙafa biyu. Abin da ya fi damunta shi ne babu wanda ke fushi a cikinsu. Kowa ya duƙufa kamar ma'aikacin da ya san aikinsa.

Ta tambayi Pascal, "Wane irin mutum ne zai zauna ya ƙirƙiro waɗannan?"

Ya ce, "Wataƙila ba ƙirƙirowa ya yi ba." Ya ajiye audugar ya gaya mata cewa a zamanin akwai wata cuta da ake ɗauka daga burodi, idan wani baƙin tsiro ya kama zangarniyar hatsin a shekarar damshi. Mai cutar yakan ji kamar an cinna masa wuta a hannu da ƙafa, yatsunsa su yi baƙi su faɗi, ya riƙa ganin abubuwan da ba su nan. "Wasu masana na ganin irin waɗannan zane-zane suna da alaƙa da gidajen jinyar masu wannan cutar. Wasu kuma sun ce wa'azi ne kawai, tsoratarwa da wutar lahira. Ni dai ban sani ba."

Rauda ta yi ta'awizi a zuciyarta, ta koma kan madubin bincikenta.

Ana cikin wannan aikin, wata ranar Talata da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Hapsatou ce, matar wanta Mu'awiya, daga Lyon. Ba sallama ba gaisuwa.

"Rauda, ki zo. Baban Amine ya ƙone a wurin aiki."

Mu'awiya shi ya riga ta zuwa ƙasar, shi ya tare ta a filin jirgi, shi ya saya mata rigar sanyinta ta farko. A wata masana'antar sinadarai yake aiki a Saint-Fons, kusa da Lyon, yana kula da bututai. Wani bututu ne ya fashe yana tsaye kusa, abin da ke ciki ya kama da wuta. Rauda ta bar komai a kan tebur ta nufi tashar jirgin ƙasa. Har jirgin ya isa Lyon ba ta iya tuna ko ta yi wa Pascal bayani ba.

A sashen masu ƙuna ba a shiga haka nan. Sai da aka sa mata doguwar riga da hula da safar hannu da abin rufe baki da hanci. Ɗakin na da zafi sosai. Mu'awiya na kwance an naɗe shi daga wuya har ƙugu, hannun hagu an rataye shi sama. Kwanakin farko barci aka sa shi. Rauda da Hapsatou suka riƙa karɓa-karɓa a kan kujerar da ke gefen gadon, ɗaya na ciki ɗaya na gida da Amine, ɗan Mu'awiya.

Ranar da ya farka Rauda ce a wurin. Ya daɗe yana kallonta kafin ya yi magana, muryar a dushe.

"Ke ma kin zama tsuntsu?"

"Ni ce, Yaya. Rauda ce. Abin rufe fuska ne kawai."

"Cire bakin in gani."

"Ba a bari, Yaya."

Ya juyar da ido wajen ƙofa. "Suna zuwa da safe da almakashi. Kansu na tsuntsaye, sun yi lulluɓi. Ba sa faɗa da ni, ba sa komai, yanka kawai suke yi." Ya dawo da ido kanta. "Kuma ki ce wa kifin nan ya sauka daga ƙafata. Nauyi gare shi. Da takalminsa ya hau."

Rauda ta miƙe tsaye. Ta duba ƙarshen gadon. Farin zanen gado ne kawai da tudun ƙafafunsa.

"Wane kifi, Yaya?"

"Ga shi nan. Kar ki yi kamar ba ki gan shi ba, ke kin san shi."

Ta fita ta tsaya a baranda. Ba ta taɓa nuna masa zanen ba. Pascal ba ya yarda a ɗauki hoton aikin da ba a gama ba. Ta yi ta lalube a ƙwaƙwalwarta ko ta taɓa ba shi labari a waya. Ta tuna ta ce masa an kawo musu wani abu mai ban tsoro, ya yi dariya ya ce aikinta duk na ban tsoro ne. Ko ta ambaci kifi? Ba ta iya rantsewa ta ambata ba, ba ta kuma iya rantsewa ba ta ambata ba.

Likitar da ke duba shi, wata mata mai suna Nadia, ta saurare ta a tsanake. Ta ce wannan abu ne da suke gani kullum, zazzaɓi da zafin ciwo da maganin kashe zafi in suka haɗu sai mutum ya yi ta gane-gane. Ma'aikatan jinya da ke canza masa bandeji su ne tsuntsayen. Nauyin da yake ji a ƙafa kuwa, daga can aka ɗebi fatar da aka dasa masa a ƙirji.

"Amma me ya sa kifi?" in ji Rauda.

Nadia ta ɗaga kafaɗa. "Wani kare yake gani, wani uwarsa da ta rasu. Zai wuce."

Hapsatou ba ta ɗauki abin da sauƙi haka ba. Da Rauda ta gaya mata a kicin ɗin gidan, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Kina wuni da hotunan shaiɗanu, kina kankare su, kina shaƙar ƙurarsu. Sannan ki zo ki zauna a kansa."

"Haba Hapsatou, fenti ne da katako."

"To me ya kai fenti da katako bakinsa?"

Washegari Hapsatou ta nemi gafara, ta ce tashin hankali ne, amma daga ranar duk lokacin da Rauda za ta shiga ɗakin Mu'awiya a asibiti sai ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta Falaƙi da Nasi, tana jin kunyar kanta, tana kuma karantawa.

Gane-ganen ya ɗauki lokaci. Wata rana ya ce mata garin yana ci da wuta a bayan taga, a kira mutane. Ta leƙa, can nesa kudu da gari dogayen bututan masana'antu ne ke fitar da hayaƙi kamar kullum. Wata rana kuma ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya ya ce, "Kar ki bar su su ɗauki yatsuna, a tire suke jera su." A satin ne aka cire masa yatsu biyu na hagu, saboda sun mutu. Daga nan zazzaɓin ya sauka. Ya fara gane mutane, ya nemi kunu, ya tambayi ɗansa. Bai ƙara ambaton tsuntsaye ba, su ma ba su tuna masa ba.

Rauda ta koma Paris. Pascal ya yi nisa da gogewa, launukan sun fito ja jawur da kore shar, kamar jiya aka shafa su. Ta ce masa ba za ta iya taɓa allon ba. Bai tambaye ta dalili ba, ya ba ta wani aikin, zanen wata mata da kwandon tuffa. Duk da haka allon na jingine a ɗaki ɗaya da ita, tana aiki ta juya masa baya.

Damina ta wuce a gida Damagaram, a nan Faransa kuma ganye ya fara zuba, sai Mu'awiya ya kira ta. Ya ce zai zo Paris ganin wani likitan fata, kuma Hapsatou ta gaya masa komai.

"Ina so in ga abin."

"Yaya, me za ka yi da shi?"

"In gani dai."

Ya zo da rana, sanye da wata matsattsiyar riga ta masu ƙuna a ƙarƙashin kwat ɗinsa, ya rame, hannun hagu cikin safa. Ya gaisa da Pascal, wanda ya ɗauki hularsa ya ce zai je shan kofi. Rauda ta yaye ƙyallen da aka rufe allon da shi, ta koma gefe.

Mu'awiya ya matsa gaban allon. Ya bi tsuntsayen da ido, ya bi garin da ke ci, ya zo kan kifin.

"Shi ne?" ta tambaya a hankali.

"Ban sani ba. Nawa ya fi wannan girma. Takalmin ma kamar ba irinsa ba ne." Ya shafa goshinsa. "Tun da Hapsatou ta ba ni labari na kasa raba wanda na gani da wanda aka gaya mini."

Rauda ta ji wani sauƙi ya fara shigarta. Ta miƙa hannu za ta mayar da ƙyallen, ya tare ta.

"Tsaya."

Ya sunkuya wajen kusurwar ƙasa ta dama, inda Pascal ya gama gogewa a kwanakin nan, inda ita ba ta yarda ta duba ba. Wani ɗan abu ne a wurin, launin toka, zaune a bakin wani rami ya rungume gwiwoyinsa. Ba shi da ƙaho ba shi da makami. Fuskarsa kusan ta mutum ce. Ba ya kallon tsohon da ke addu'a kamar sauran, waje yake kallo, wajen duk wanda ya tsaya a gaban allon.

"Wannan ban gaya wa kowa shi ba," in ji Mu'awiya. "Ko ke, ko Hapsatou. A gefen ƙofa yake zama. Bai taɓa taɓa ni ba."

"Yaya, ai ya wuce yanzu."

Ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa da hannu ɗaya. "Sauran sun tafi tun a asibiti. Wannan ya biyo ni gida. Ba ya hana ni barci, ba ya hana ni salla. Zaune kawai yake."

Ya dube ta ya yi ɗan murmushi don kada ta tsorata, irin wanda yake yi mata tun suna yara.

"Kar ki gaya wa Hapsatou. Na dai ji daɗi da na ga akwai wanda ya taɓa ganinsa kafin ni."

Ta raka shi tashar jirgi. A hanya ya yi ta maganar makarantar Amine da aikin ofis da masana'antar ta ce za ta ba shi. Da jirgin ya tashi ta tsaya har ya ɓace, sannan ta kira Pascal ta ce ba za ta dawo ba sai gobe.

Bayan sati biyu masu majami'ar suka zo da mota suka ɗauki allonsu. Rauda ce ta taya su naɗe shi.