Maraƙa Mai Cin Tsintsiya

Shekara talatin Yaya ta yi tana aikin ungozoma, amma ba ta taɓa rainon ɗan dabba ba sai da autansu ya karye a ƙafa. Ta tare a gidansa don ta kula masa da shanun madara shida da wata maraƙa 'yar sati biyu.

Ran nan ta jingine tsintsiya a bakin rumfa, ta je wanke bokiti. Da ta dawo sai ta tarar maraƙar tana ta tsotsar bakin tsintsiyar. Ta leƙa ɗakin da yake kwance.

"Auta, 'yarka fa tsintsiya take ci. In zuba mata busasshiyar ciyawa?"

"A'a Yaya, da saura. Tumbinta bai fara aiki ba. Dusa da barzajjen hatsi ne ke tayar da shi. In ta cika ciki da ciyawa yanzu, sai ta yi ƙaton ciki ba ƙwari."

"To yaushe ke nan?"

"Ita za ta gaya miki."

"Da wane bakin? Wanda ke cin tsintsiya?"

Ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya ce wash.

Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Ta tono tsohon ƙahon katakon da take sauraron zuciyar jariri da shi. Kullum bayan tatsa sai ta durƙusa ta kafa shi a kan cikin maraƙar ta gefen hagu. Da farko shiru, sai ɗan ƙugi. A sati na huɗu ta ji wata ƙara doguwa, kamar ana jan buhu a kan siminti. Ta daɗe a durƙushe har gwiwarta ta yi tsami.

Ana cikin sati na shida, maraƙar tana cinye hatsinta tas, Yaya ta same ta kwance, ido a lumshe, baki na juyawa a hankali alhali babu komai a gabanta.

"Auta! Tana tuƙa!"

Ya ɗingiso da sanda, ya duba. "To, Yaya, ki ba ta ciyawar. Mai laushi, cikin tafi ɗaya."

Maraƙar ta shinshina, ta yi atishawa, ta zari sili uku ta tauna, ta bar sauran.